Ƙasar da ke Kan Soron Ayari

Na ji ku jiya a bakin masallaci, ba sai kun sunkuyar da kai ba. Wai ginin ƙasa wasan yara ne, laka ce a kwaɓa a liƙa. To madalla. Ku da kuka koyo aikin maso, wato ginin siminti, a Damagaram, kuka dawo da cokalin gini da igiyar awo kuna taƙama, ku gyara zama. Ni Lawali maigini a cikin laka gemuna ya yi fari, kuma rabin ɗakunan da aka haife ku a ciki hannun nan ne ya ɗora su. Ba don faɗa na kira ku ba, ko da yake ba na rasa shi. Maganar Soron Ayari ce, wannan da muke zaune a inuwarsa. In na kwanta dama ku za a kira masa, kuma ba na so ku zo masa da ka. Sau ɗaya rufinsa ya kusa zubowa a kan mutane yana hannuna, kuma ba gara ce ta jawo ba, ba sakaci ba.

Soron nan ya girmi kakan kowa a garin. An gina shi zamanin da ayarin Buzaye ke gangarowa daga Abzin da gishiri da dabino, su koma da geron Damargu. Ba gidan mai gari ba ne, ba masallaci ba ne. Masaukin baƙi ne, kuma gari gaba ɗaya ke da shi. Baƙo ya iso a raƙumi ko a ƙafa, nan zai sauke kaya, a kawo masa ruwa da fura, ya kwana ya tashi ba mai ce masa kawo. Nan ake cinikin kantun gishiri, nan ake raba rigimar manomi da makiyayi, nan tsofaffi ke shan shayi suna zuba ƙarya. Yanzu raƙuma sun yi ƙaranci, sai direbobin manyan motoci da masu cin kasuwar Gangara da Tanut, amma ba a taɓa naɗe tabarmar baƙo ba.

Aikina na farko a kansa indararo ne. Maigidana Baba Ari, wanda ya koya mini sana'ar, ya ce in hau in duba me ya sa ruwa ke bin bango maimakon ya faɗi nesa. Na hau, na tarar tsuntsu ya yi sheƙa a bakin indararon yamma, na zare ta, na sauko ina karkaɗe hannu. Ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya ce, "To zagaya soron ka dawo ka gaya mini abin da ka gani." Na zagaya na dawo na ce na ga bango. Kai, ranar na sha zagi! Ya kama wuyan rigata ya ja ni.

"Ga gabas. Ina taga? Ina ƙofa? Babu. Don me? Don daga nan hadari ke tasowa, bangon nan shi ke shan dukan ruwa. Buɗe idonka, jaki kawai!"

Ya nuna mini indararo duk yamma da kudu suke kallo, kowane ya miƙo dogo don ruwa kada ya ci gindin bango. Ya nuna mini kaurin bangon a ƙasa, wanda mutum zai iya kwanciya a gicciye a kai, yana hawa yana sirancewa. Ƙofar an yi ta da faɗi don jaki ya shiga da kayansa, dokin ƙofa kuma da tudu don ruwan tsakar gida kada ya biyo baƙo. Tagogin ƙanana ne can sama, zafi ya fita, ɓarawo kuma bai shiga ba. Zankayen nan huɗu na kusurwa da kuke cewa ado ne, a jikinsu muke ɗaura igiya in za mu sauka yaɓe.

Kafin ya bar ni in ɗora tubali ko ɗaya, na yi shekaru ina taka laka. Ƙasar Damargu yawancinta rairayi ce, ba ta riƙe kanta. Sai bayan kaka ka je bakin tafki ka haƙo mai danƙo da sangwami, ƙarfen nan na haƙa, tun ruwan bai ƙafe ba. Baba Ari kan ɗebi kaɗan ya jiƙa da yawu ya murza a tafin hannu. In ta warwatse, a bar ta. In ta miƙe doguwa ba ta karye ba, danƙon ya yi yawa, za ta tsage, a ƙara mata rairayi. Daga nan a zuba ƙaiƙayin gero da kashin shanu, a taka, a rufe, a bar ta ta ruɓa har wari ya hana mata bi ta wurin. Sannan a mulmula tubali, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya. Maigini na zaune a kan bango kamar mai hawan jaki, ana jefo masa yana cafewa. Kayan aikinmu ba yawa: sangwami, fartanya, gizago, kwando, tsani da igiya. Sauran duk hannu ne, sai haƙuri, don ba a ɗora sahu a kan ɗanyen sahu.

Jiran nan shi ke haɗa mu faɗa da masu aiki. Wani mai shanu daga wajen Ollelewa ya taɓa sa ni in yi masa ɗaki, kullum yana kaina, wai ina zaune ina kallon bango kamar mai jiran wata. Na ce masa bangon ne ke aiki, ni na yi nawa. Na je ta'aziyya wani gari, ya kira ƴan'uwansa suka ƙara sahu biyu a bayan idona. Ina dawowa na tarar bango ya yi ciki kamar akuya mai juna biyu. Na ce, "Alhaji, Allah ya sauke ta lafiya," na ɗauki kayana. Mata sun fi sauƙin aiki. Mace in ka yi mata rumbu, za ta zo ta ƙwanƙwasa shi da hannu ta saurara, in ya yi ta ce sannu, in bai yi ba gari duka zai ji.

In kun shiga ciki ku ɗaga kai. Baka biyu ne suka taso daga bango huɗu suka gicciye a tsakiya, inda aka liƙa tasar nan ta tagulla. Ku kuna ganin laka, amma ƙashin da ke ciki azara ce, wato giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta ci. Mu nan ba mu da giginya sai goriba, ita kuwa ba ta kai ta ƙarfi ba. Duk azarar da ke soron nan daga kudu aka ɗauko ta a bayan raƙumi. Ana dasa ta a bango, a ɗora wata ta zarce ta kaɗan, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, a jira ta bushe, a ƙara wata, har hannun nan da hannun can su gamu a sama. A kan baka a jera azara, a shimfiɗa zana, a zuba laka, a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama shiga. Dakalin da ya zagaye bango shi ne gadon baƙi, ramukan da ke samansa alkuki ne na ajiye fitila. Wanda ya gina shi ya auna nauyin da bakan zai ɗauka, ya tsaya a nan.

To ga inda matsalar take. Kun san al'adar garin nan: wanda zai yi tafiya mai nisa sai ya ɗebo ƙasa kwando guda daga gonarsu, ya hau ya zuba a kan soron. Baba Ari ya gaya mini asalinta. Da can masauki ba ya karɓar komai a hannun baƙo, sai a ce ya taimaka da kwandon ƙasa, a tara a gefe, maigini ya kwaɓa ya yi gyaran shekara da ita, ya kankare tsohuwa ya sa sabuwa. Da tafiya ta yi tafiya, sai mutane suka maida abin na ƴan gari, suka ce wanda ya bar ƙasarsa a kan Soron Ayari zai dawo ya gan ta. Daga nan aka daina tarawa a gefe, kowa ya hau ya zuba da hannunsa, kuma kankarewa ta zama abin faɗa. Baba Ari kan saci kaɗan ya sauke in ba ido, amma abin da ke hawa ya fi abin da ke sauka. Haka na gaji rufin, da ƙasar ƴan ci-rani da mahajjata da sojoji jibge a kansa.

Sai ga shekarar fari. Ku kuna ƙanana, wasunku ana goyon su. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, tafki ya ƙafe tun kafin kaka. Ruwan sha ma sai an yi layi a rijiya, wa zai ba ka na kwaɓa laka? Ƙaiƙayin da muke zubawa dabbobi suka cinye, daga baya mutane ma suka fara duba shi. Shekarar nan ban ɗora tubali ko ɗaya ba, sai sassaƙa ƙotar fartanya nake ina kaiwa Tanut. Samarin gari suka watse, wasu Kano, wasu Agadas, wasu gaba da nan. Kowane kafin ya hau mota sai ya hawo da kwandonsa. Ba laka ba fa, rairayin gona tsagwaronsa, ba kwaɓi ba komai. Ina gani, amma wa zai tare yaron da yunwa ta kora ya ce masa kada ya zuba?

Cikinsu akwai Mutari, ɗan Yaya Habsu. Yaya Habsu ita ke riƙe da masaukin tun da mijinta ya rasu: ita ke shara, ita ke cika randa, ita ke dama furar baƙi. Mutari shi kaɗai ne ɗanta namiji. Da kwandonta ya ɗebo jar ƙasar gonar ubansa, ya zuba a kusurwar arewa maso gabas, jikin zanko, ya ce ta nan zai tafi ta nan zai dawo. Ya kira ta a waya daga Agadas ya ce sun sami motar Libiya. Daga nan shiru. Sauran samarin, wanda ya dawo ya dawo, wanda ya rasu an aiko an yi masa addu'a. Shi kaɗai ne ba labari ko na mutuwa.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya zo da ƙarfi, kowa na godiya, ni kuwa idona na kan rufin soron. Rairayi ba ya tura ruwa, sha yake yi, in ya sha kuma nauyinsa ya ninka. Ya toshe bakin indararo biyu, ruwa ya kwanta a sama. Bayan kaka na shiga duba baka, na ga tsaga a na arewa, daidai inda ya fara lanƙwasa. Na liƙa mata ɗanyar laka a gicciye don shaida. Kasuwa na zagayowa na dawo na tarar lakar ta rabe biyu. Na hau sama na soka sanda a kusurwar arewa maso gabas, saman tsagar, ta nutse har ƙugu ba ta taɓa makuba ba. Wallahi na ji tsoro, don daren da ya wuce mutum goma sha suka kwana a kan dakalin nan.

Na je wa mai gari, ya tara dattawa a cikin soron. Na ce ƙasar nan sai ta sauka kafin wata damina, in ba haka ba rufi zai sauko da kansa. Tabɗi! Ka ce na zagi iyayensu. Wani ya ce ƙasar ubansa tana can tun tafiyarsa Makka a ƙafa. Wani ya ce soron ya yi shekaru aru-aru bai faɗi ba, sai a zamanin Lawali? Liman ya ce ƙasa ba ta dawo da kowa, Allah ke dawo da bawansa. Kowa ya ce gaskiya ne, kuma ba wanda ya motsa. Raina ya ɓaci. Na taka dakali na zura hannuna a cikin tsagar har wuyan hannu, na ce, "To ku kwashe tabarmin baƙi yau ɗin nan, ku rufe ƙofa. Ni ba zan tono gawar baƙo da hannuna ba." Can mai gari ya ce, "In an sauke ta, ina za a kai ta?" Na ce ba inda za ta. A kwaɓa ta a yi tubali, a yi wa bangon gabas dogari da ita, wato abin tokare shi, ta ci gaba da riƙe soron daga ƙasa. Nan gaba kuma mai tafiya ya zuba kwandonsa a ramin da zan haƙa a gindin bango. Aka yi fatiha a kan haka.

Mun tambayi kowane mai gemu a garin nan. Matar da ke share ɗakin kullum ba wanda ya tuna da ita.

Ranar gayyar sauke ƙasar da safe na hau da fartanya, mutane na biye da ni da kwanduna. Na tarar Yaya Habsu zaune a kusurwar arewa maso gabas, ta miƙe ƙafa a kan tudun ƙasar, da carbinta. Yadda ta hau matakalar nan da ciwon gwiwarta, Allah kaɗai ya sani.

Na ce, "Yaya, ina kwana? Me ya hawo da ke nan?"

Ta ce, "Lafiya lau, Lawali. Ku yi aikinku. Ko'ina ku kwashe, ban da nan."

Na ce, "Haba Yaya, nan ne ma ya fi nauyi. Tsagar a ƙarƙashinki take."

Ta ce, "Na sani. Ni ke shara a wurin, ni ƙasar ke zubo wa a ka."

Na ce, "Ai Liman ya yi magana."

Ta ce, "An gaya mini, kuma gaskiya ya faɗa. Ni ba ƙasa nake bauta wa ba. Amma ban ga gawarsa ba, ban ga wanda ya ga kabarinsa ba, ko takalminsa ba a kawo mini ba. Wannan shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa a garin nan. In ka kwaɓa shi cikin na waɗanda suka mutu, ka yi masa zaman makoki ke nan. Ni kuwa ban yi ba tukuna."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Na so in yi faɗa, kun san halina, amma sai na juya na bar ta. Na ce wa mutane su fara daga kudu.

Muna kwashewa ƙasar na fitowa hawa-hawa kamar an jera tabarmi. Ta sama rairayin shekarar fari ce, fara fat, ba ko ƙaiƙayi. Ƙarƙashinta ja, ƙarƙashinta baƙa ta fadama, har muka isa makubar asali, mai sheƙi, da ƙarfi kamar dutse, fartanya na tsalle a kanta. Wanda ya yi ta ya san aikinsa, Allah ya ji ƙansa. Muka buɗe indararo, muka sauke duk abin da ke kai, ban da fili kamar na shimfiɗa tabarma guda inda take zaune. Kullum muna hawa za mu tarar da ita can, sai mun tashi take sauka ta dama fura.

Na zauna na yi tunani a kan kusurwar nan. Nauyin ba zai sauka ba, baka kuma ba zai ɗauke shi shi kaɗai ba. Abu ɗaya ya rage, wanda kowane maigini ke jin kunyarsa. Na haƙa harsashi a cikin ɗakin, na tayar da ginshiƙi na tubali daidai ƙarƙashin tsagar, na ɗora masa guntayen azara a gicciye, na cusa tsagar da laka mai gashin akuya na majema. Wanda ya gina soron nan ya yi ɗaki mai faɗin nan ba ginshiƙi ko ɗaya, shi ne abin da baƙi ke tsayawa kallo. Ni na zo na dasa masa ƙafa a kusurwa. Duk maginin da ya shigo daga Damagaram sai ya kalle shi ya kalle ni, ya ce wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki? In ce ni ne. Abin na ci mini rai har gobe, ba zan ɓoye muku ba. A sama kuma na lulluɓe tudun Mutari da laka mai kyau, na shafe da makuba, na zagaye shi da hanyar ruwa zuwa indararon yamma. Na sake liƙa lakar shaida, ta shekara ba ta motsa ba.

Yaya Habsu ba ta taɓa ce mini na gode ba. Sai dai ta ɗauke randar baƙi daga bakin ƙofa ta maida ta jikin ginshiƙin, ta ce ya fi sanyi.

Bara ta rasu, ana tsakiyar girbi. Bayan an share makoki mai gari ya kira ni ya ce, "Lawali, yanzu ai sai ka sauke ƴar ƙasar nan, ka rushe ginshiƙin, ɗaki ya koma yadda yake." Maganarsa daidai ce, kuma aikin ba zai ci mini wuni biyu ba. Na ɗauki fartanya na hau. Na tsaya a kan tudun na daɗe. Da na ga na daɗe da yawa, na share hanyar ruwan, na toshe wata ƴar tsaga a makubar, na sauko.

To shi ne abin da na kira ku in gaya muku. Kafin kowace damina ku hau ku buɗe indararo, ku yaɓe bangon gabas, kuma kada ku kuskura ku shafa masa siminti, zai riƙe laima ya ruɓar da shi ta ciki. Mai tafiya in ya zo da kwando ku nuna masa rami. Ku shiga ciki ku duba lakar shaida a bakan arewa, ku ƙwanƙwasa ginshiƙin ku ji. Tudun da ke kusurwa kuwa ku shafe shi, ku gyara masa hanyar ruwa, ku bar shi inda yake. Mutari bai dawo ba tukuna, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce ya ga kabarinsa.